Idan Ɗalibar Jami'a Ta Dawo Gida Hutun Damina

A wannan fitowar za mu tattauna ne a kan ɗalibar jami'a da ta dawo gida dogon hutu a cikin damina. Wata 'yar cikinki ce, wata ƙanwarki, wata ƙanwar maigida, wata kuma 'yar riƙo ce da ta tashi a hannunki. Ko ma wacce ce, ga ta nan ta shigo da jaka da bokiti da tulin wanki, ta rame, ta yi duhu, tana ta murna, kuma nan da 'yan makonni za ta sake ɗaure kayanta ta tafi.

To, 'yar'uwa, yarinyar nan ta yi wata huɗu ko fiye ba ta gabanki, ta ga abubuwa, ta ji abubuwa, wasu masu daɗi wasu akasin haka. Da wuya ta zauna ta zayyana miki su a zama ɗaya. Labarin yana fitowa ne a cikin ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar barcinta da cin abincinta da yadda take riƙe waya da lokacin da ta yi shiru. Uwar da ta san yadda zaman jami'a yake za ta fahimci waɗannan alamu daidai. Wadda ba ta sani ba kuwa sai ta ɗauki gajiya a matsayin lalaci, ta ɗauki damuwa a matsayin girman kai, har hutun ya ƙare ba ta san halin da 'yarta ke ciki ba. Shi ya sa za mu bi hutun daki-daki, tun daga ranar isowa har ranar komawa.

Ki fara sanin irin hutun da ta zo

Shekarar karatu a jami'o'inmu zango biyu ce, kowane zango yana ɗaukar kusan wata huɗu har da jarrabawa. A da can dogon hutu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, amma yajin aikin malamai ya hautsina wannan tsari. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata 9 a shekarar 2020, wanda ya haɗu da kullen korona, sannan ta sake yin wani na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan haka kowace jami'a ta shiga ƙoƙarin cike giɓinta da nata lissafin. Saboda haka kada ki yi mamaki idan 'yarki da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana gida, alhali 'yar maƙwabta da ke Bayero a Kano ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana tsakiyar jarrabawa. Tun ranar farko ki tambaye ta ranar komawa da ranar da za a rufe rajista, ki rubuta a inda za ki riƙa gani.

Haka kuma ba kowace ɗaliba ce ke samun hutun a sake ba. Masu karatun kimiyya da injiniya da aikin gona da makamantansu akan tura su sanin makamar aiki a ma'aikatu, a ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF ta fara a 1973. Akwai littafin da suke cikewa kullum, mai kula da su ya sa hannu, kuma maki ake ba su a kansa. Masu karatun malanta su ma akan tura su makarantu su gwada koyarwa, 'yan ajin ƙarshe kuma suna fama da rubutun kundin kammala karatu. Irin waɗannan idan sun ce za su fita da safe, karatu ne ya fitar da su. Abin da ya kamace ki shi ne ki san sunan wurin, da unguwar da yake, da lokacin tashi, ki kuma tanadi kuɗin mota.

Makon farko: barci da ci

Ƙorafin da aka fi ji daga iyaye mata a makon farko shi ne, "Yarinyar nan tun da ta dawo ba abin da take sai barci." Kafin ki yi faɗa, ki tuna daga inda ta fito. Ɗakin kwanan ɗalibai da aka gina don mutum huɗu sau da yawa za ki tarar da ninkin haka a ciki. Ruwa sai an bi layi, wuta ta zo ta ɗauke, ga makonnin jarrabawa da ake kwana a aji ana karatu. Abinci kuwa idan wata ya yi nisa, daga taliyar 'yan yara sai garau-garau sai jiƙa gari da sukari. Wadda ta fito daga wannan hali, don ta yi kwana uku tana ramuwar barci ai ba ta yi laifi ba. Ki tashe ta sallah, ki bar ta ta koma, ki kuma dafa mata abin da kika san tana marmari.

Amma fa ki sa ido, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Damina lokacin sauro ce, musamman idan marka ta kankama a watan Agusta. Idan barcin ya haɗu da zafin jiki da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a sha magani. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, cikin kamar minti 20 sakamako ya fito. Idan an tabbatar, maganin na kwana 3 ne, kuma a shanye shi duka ko da ta ji sauƙi tun a rana ta biyu. Idan tana yawan dafe ƙirji ko saman ciki, ko tana jiri da haki daga ɗan aiki kaɗan, wannan ma na likita ne, domin gyambon ciki da ƙarancin jini ba baƙi ba ne ga 'yammatan da ke zaman makaranta.

Akwai kuma wani nau'in barcin da ba na gajiya ba. Idan an wuce mako 2 tana kulle kanta a ɗaki, ba ta son magana, ba ta jin daɗin abin da ta saba so, ga kuka ba dalili, to kada ki tsaya a kan cewa miskilanci ne. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran cututtuka, ba hauka ba ne, kuma ana maganinsa a asibiti. Ki haɗa mata da addu'a da lallashi da ganin likita.

Maganar sakamako

Yawancinmu idan muka tambaya, "Yaya karatu?" aka ce mana, "Alhamdu lillahi," shi ke nan an rufe babin. Dalili kuwa ba mu san abin da za mu ƙara tambaya ba. To bari in yi miki bayanin lissafin a taƙaice, domin ba shi da wuya.

A mafi yawan jami'o'in Najeriya, wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, wato lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, lamba 3. Haka ake sauka har zuwa F, wadda ba ta da lamba ko ɗaya. Kowane darasi kuma yana da nauyinsa, wanda suke kira yunit. Misali, a ce ta ɗauki darussa uku. Na farko mai yunit 3 ta sami B, 3 sau 4 ya ba da 12. Na biyu mai yunit 2 ta sami C, ya ba da 6. Na uku mai yunit 3 ta faɗi, ba ta da komai. An tara 18 ke nan, sai a raba da jimlar yunit 8, a sami 2.25. Da a ce darasin nan na uku C ta samu, da lissafin ya kai 3.38. Kin ga yadda faɗuwa ɗaya ke jan mutum ƙasa.

Idan aka haɗa lissafin dukkan zangunan da ta yi, shi ne ake kira CGPA, kuma da shi ake yanke darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Darasin da aka faɗi yakan yi kwantai, sai wata shekara a sake shi, shi ne ɗalibai ke kira kariyoba. Idan kwantan ya yi yawa yana iya jawo ƙarin shekara, idan kuma lissafin ya yi ƙasa ƙwarai ana iya ba ɗaliba gargaɗi, daga nan a sallame ta.

Me ya sa na kawo duk wannan? Saboda akwai 'yammatan da ke ɓoye faɗuwa shekara da shekaru don tsoron gida, sai ranar da sa'o'insu suka gama sannan asiri ya tonu. Ki sami lokacin da ba kowa, ki ce, "Zo ki nuna mini sakamakon naki, ki koya mini yadda ake karanta shi." Idan kin ga F kada ki ɗora hannu a ka. Ki tambayi abin da ya faru: rashin lafiya ce, darasin ne ya yi mata tsauri, ko makinta ne ya ɓace ba a shigar ba? Kowanne da hanyar gyaransa, kuma kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da rajista da sakamakon ɗalibai, wanda za ta iya zuwa wurinsa.

A nan ne kuma ya kamata ki buɗe wata ƙofa mai nauyi. A watan Oktoba na 2019 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da wani rahoto da aka ɗauka a ɓoye, wanda ya nuna wasu malaman jami'a a Najeriya da Ghana suna neman ɗalibai mata da lalata. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne, amma ɓata-gari suna nan, kuma babban makaminsu shi ne sanin cewa yarinya ba za ta iya faɗa a gida ba, don kada a ce ita ta ja, ko a cire ta daga makaranta. Ki gaya mata da bakinki cewa duk wanda ya matsa mata, ke ce ta farko da za ta sanar, kuma ba za a hukunta ta da laifin wani ba. Ki ce ta adana duk saƙon da aka turo mata, kada ta goge, domin shi ne hujja a gaban hukumar makaranta.

Na san wasu za su ce, "Malama, 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, ina ni ina wannan zance?" Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta bar yarinya ba ta da wurin kai kuka. Idan bakinki ya yi nauyi, ki wakilta ƙanwarki ko gwaggonta ko wata yayarta mai hankali da riƙon sirri.

Kicin da aikin gida

A nan gidaje sun kasu biyu. Akwai inda ake mayar da 'yar jami'a sarauniya, ba ta ɗauke ko tsinke, ƙanne na yi mata wanki, wai ai boko take yi. Akwai kuma inda ranar da ta dawo uwargida ta sami hutu, a sakar mata girki da shara da wanke-wanke da raino tun asuba har dare, musamman idan 'yar riƙo ce ko ƙanwar miji. Dukkan biyun ba adalci ba ne. Ta farko za ta tashi ba ta iya riƙe gida ba, ta biyu kuma za ta fara neman dalilin da zai hana ta zuwa hutu.

Abin da ya fi shi ne a raba aiki a fili kowa ya san nasa, har da 'yan'uwanta maza. Ki ba ta girkin wasu ranaku a mako, ki danƙa mata kuɗin cefanen a hannu, ta je ta sayo ta kawo lissafi. Wanda ya riƙe kuɗin cefane na kwana biyu ya san abin da iyaye ke sha. Damina kuma lokaci ne mai albarka ga mai son koyon girki, ga ɗanyar kuɓewa, ga zogale da rama da tafasa da yakuwa, ga sabuwar masara da gyaɗa. Ki koya mata kwaɗo da dambu da fate da miyar taushe, ki nuna mata yadda ake gane tuwo ya nuna, da yadda ake wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, domin lokacin ne amai da gudawa ke yawa.

Wani amfanin kicin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a nan baki ke buɗewa. Yarinyar da za ta sunkuyar da kai idan kin kira ta ɗaki kin rufe ƙofa, ita ce za ta ba ki labarin 'yan ɗakinsu kaf kuna tsintar shinkafa. Ki saurara, kada ki katse ta da wa'azi a jimlar farko. Idan ta ce, "Umma, akwai wata ƙawata da abu kaza ya same ta," ki natsu ƙwarai, domin wani lokaci ƙawar ita ce.

Waya

Wayar hannu ta zama abin faɗa a gidaje da yawa. Gaskiyar magana, ɗalibar yau ba ta iya karatu ba tare da ita ba. Ta intanet ake rajista, ta nan ake duba sakamako, sanarwar aji kuma a zauren WhatsApp ake sakinta. Don haka ƙwace waya gaba ɗaya ba mafita ba ce. Amma gida yana da doka: ba a riƙe waya ana cin abinci, ba a latsa ta babba na magana, kuma akwai lokacin da ake ajiye ta da dare. Doka irin wannan tana tasiri ne idan ke ma kina bin ta.

Abin da ya fi kamata ki ja mata kunne a kai shi ne harkar kuɗi. A Disambar 2016 tsarin nan na MMM ya rufe da kuɗin jama'a, a Afrilun 2025 kuma wani mai suna CBEX ya yi irin haka. Salon ɗaya ne kullum: ki zuba kaɗan, a ninka miki cikin wata guda, ki kawo wasu a ƙara miki. Ɗalibai na cikin waɗanda ake fara farauta, domin akan riƙe musu kuɗin rajista a hannu na 'yan makonni. Haka nan manhajojin ba da bashi a waya, waɗanda idan an makara biya suke bin lambobin 'yan'uwa da saƙon cin mutunci. Ki kuma tuna mata cewa hoton da ya bar wayarta ya bar hannunta har abada, ko wa ta tura wa.

Biki, ƙawaye da masu zuwa zance

Lokacin hutu lokacin bukukuwa ne, kuma 'yar jami'a tana da ƙawaye a garuruwa da dama. Yau anko, gobe gudummawa, jibi kamu a wani gari. Ku zauna tun farkon hutu ku ƙidaya bukukuwan, ku zaɓi wanda za a je da wanda za a aika da saƙo. Ki koya mata cewa ba abin kunya ba ne ta ce ba ta da halin anko. Idan tafiyar ta kwana ce, ki yi magana da uwar amarya da kanki, ki san gidan da za a sauka, kuma da izinin mahaifinta.

Ƙawayen da ke zuwa gida kuwa, ki karɓe su hannu biyu, ki ba su abinci, ki san sunayensu da na iyayensu. Da su take kwana take tashi a makaranta, kuma ranar da wayarta ta ƙi shiga, su za ki nema. Ki karɓi lambar mutum biyu daga cikinsu.

Sai maganar masu sallama da yamma. Idan wani ya biyo ta daga makaranta, gara ya zo ƙofar gida a san shi da a riƙa haɗuwa a inda ba ki sani ba. Ki sanar da maigida da wuri, a yi bincike kamar yadda aka saba. Idan magana ta yi ƙarfi alhali ba ta gama karatu ba, to a tattauna abubuwa uku a gaban manya kafin a sa rana: zai bar ta ta ƙarasa, wa zai ɗauki nauyin karatun, kuma a wane gari za ta zauna? Alƙawarin da aka yi a zaure tsakanin saurayi da budurwa shi kaɗai ba ya isa, da yawa sun ajiye karatu a aji uku saboda an bar maganar a haka. Kuma a yi gwajin jini tun kafin shaƙuwa ta yi nisa. Idan su biyun duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na haihuwar mai ciwon sikila. A jihar Kano ma an sa hannu a dokar wajabta gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024.

Sabon baki da sabon ra'ayi

Za ki ji harshenta ya sauya, Hausa rabi Turanci rabi, irin abin da ake kira Ingausa. Kada a mayar da ita abin dariya, amma ki tuna mata cewa gaban kakanni da baƙi ana gaisuwa ne yadda aka saba, a durƙusa, a tambayi gida da gajiya da damina. Ki tura ta gaida dangi, na uwa da na uba, har na ƙauye idan hanya da lafiya, domin zumunta a ƙafa take.

Wata kuma za ta dawo da gyare-gyare, ta ce abu kaza da kuke yi a gidan nan ba daidai ba ne, ta ji a wajen karatu a masallacin makaranta, ko ta ce yadda kuke ajiye ruwan sha ne ke kawo ciwo. Kada ki ce, "Yaushe aka haife ki?" Ai don ta sani kuka tura ta. Ki tambaye ta hujjarta, idan ta fi ki gaskiya ki karɓa, idan abin ya shige muku duhu ku je tare wurin wanda ya sani. Ita kuma ki koya mata yadda ake gyara wa babba cikin ladabi, a keɓe, ba a gaban ƙanne ba.

Ilmin nata ma a ci moriyarsa. Ta zauna da ƙannenta awa ɗaya kullum a kan lissafi da Turanci, musamman masu shirin jarrabawar JAMB. A makarantarmu ta Islamiyya mun ga amfanin 'yan jami'a da ke zuwa hutu suna taya mu da ƙananan azuzuwa, su ma suna sabunta haddarsu. Idan kuma da hali, ta koyi sana'a ɗaya a hutun: ɗinki, lalle, haɗa turaren wuta, yin cincin da kek, ko aikin kwamfuta. Guda ɗaya ta isa, a iya ta sosai. Da yawa daga cikin ɗalibai da irin wannan suke sayen sabulu da katin waya a makaranta.

Makon ƙarshe

Kada a bar shirin komawa sai daren tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma a shekarar jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista. Ku rubuta lissafi ke da ita: rajista, ɗakin kwana, mota, littattafai, kuɗin kashewa na wata. Ki kai wa maigida da sauran lokaci, a sa'ar da hankalinsa ke kwance. Idan abin ya fi ƙarfin gida, akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma ana fara biya ne shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa. Amma dai bashi ne, a yi shawara da mahaifinta kafin ta cike.

Kayan abinci kuwa, abin da ba ya lalacewa shi ne abokin ɗalibi: shinkafa, wake, garin rogo, garin kunu, man gyaɗa, manja, yaji, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da ɗan dambun nama idan an samu. Kada a manta gidan sauro da tocila da audugar mata. Yarinyar da ke da abinci a loka ba ta cika kallon hannun wani ba, wannan kuwa kariya ce babba.

Ranar tafiya a yi sammako, a shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ba a bakin hanya ba, kuma a guji tafiyar dare. Ta turo miki lambar motar, ta kira idan ta isa. Ku tsayar da rana ɗaya a mako da za ku riƙa magana a natse, ba sai kuɗi ya ƙare ba.

Aikin gida

Kamar yadda muka saba, ga tambayoyin da za ki gwada kanki da su kafin ta tafi.

1. Ajinta nawa, me take karanta, kuma nawa ne CGPA ɗinta?
2. Tana da darasin da ya yi kwantai? Idan akwai, me aka shirya a kai?
3. A ina take kwana a makaranta, su wa ke ɗakin, kuma lambar wa kike da ita?
4. Nawa take kashewa a wata, kuma daga ina yake zuwa?
5. Idan abu ya same ta da tsakar dare, wa za ta fara kira?

Idan kin amsa huɗu daga ciki, madalla. Idan ba ki kai ba, kada ki tara tambayoyin ki sauke mata a zama ɗaya kamar 'yar sanda. Ki ɗauki guda yau, ki bar guda sai jibi, sannu ba ta hana zuwa. Waɗanda ɗaliban nasu maza ne su ma su gwada, domin mafi yawan abin da muka faɗa ya shafe su.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani, ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.